Yadda Ake Zaɓar wa Yara Littafin Barkwanci na Makaranta da Abota

Littafin barkwanci na makaranta shi ne wanda labarinsa ke gudana tsakanin aji, filin wasa da hanyar komawa gida, taurarinsa 'yan makaranta ne, abin da ke jan mai karatu daga shafi zuwa shafi kuma dariya ce da sha'anin abokai. Masu karanta shi galibi 'yan shekara 9 zuwa 12 ne, wato daga aji huɗu na firamare zuwa aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Nijeriya, ko daga CM1 zuwa ajin farko na kwaleji a Nijar. A wannan tsakanin yaro ya wuce littafin hoto mai layi biyu a shafi, bai kuma isa karanta na samari da 'yan mata ba. A nan ne da yawa ke ajiye karatun nishaɗi, domin an daina yi musu tatsuniya da dare, abin da ya rage a jakarsu kuma littafin jarrabawa ne kawai.

Dariya ce ta fi saurin dawo da su. Kamfanin Scholastic na Amurka, wanda ya daɗe yana tambayar yara abin da suke nema a littafi, ya sha samun amsa guda a sahun gaba: wanda zai ba su dariya. A Ingila, marubucin yara Michael Rosen ya ga ana raba kyaututtukan adabi ana tsallake irin waɗannan littattafai, sai ya jagoranci kafa Roald Dahl Funny Prize a 2008 domin su kaɗai. Abota kuwa ita ce babbar damuwar mai shekara goma: wa zai zauna kusa da shi, wa ya kai ƙararsa wurin malam, wa ya sayi awara lokacin tara bai gutsura masa ba. Littafin da ya haɗa dariya da abota yana taɓa abin da yaron ya kwana da shi a rai.

Aikin mai ba da shawara, malami ne ko uwa ko yaya ko mai kula da laburare, shi ne ya haɗa yaro ɗaya da littafi ɗaya wanda shi kansa ya karanta, ya san inda dariyarsa take. Takarda mai jerin sunaye ashirin ba ta yin wannan aiki. Yaro zai ninke ta ya jefa a jaka, ta zama ta naɗe gyaɗa.

Sanin yaron kafin littafin

Tambayar wane irin littafi yaro yake so ba ta cika haifar da amsa ba, musamman ga wanda bai taɓa gama littafi ɗaya don kansa ba. Tambayar da ta fi aiki ita ce: “Me ya faru a ajinku yau da ya ba kowa dariya?” Daga amsar ake gane irin dariyarsa. Wani zai ba da labarin benci da ya karye da mutum uku a kai, yana kwaikwayon faɗuwar. Wannan dariyarsa ta ido ce, littafi mai zane da hargitsi zai karɓe shi. Wata za ta tuno kalmar da malam ya faɗa wadda ke da ma'ana biyu. Wani kuma labarinsa na dabara ne: yadda suka shirya kauce wa tsallen kwaɗo saboda makara, dabarar ta juye a kansu. Akwai kuma yaro mai shiru, wanda abin da ke ba shi dariya shi ne ya ga babba ya faɗi abu ya aikata kishiyarsa. Irin wannan ya riga ya fara gane gatse, kuma shi ne zai fi more littattafan da suka fi zurfi.

Batun gatse na da muhimmanci. Tun wajen shekara bakwai yara ke fara jin daɗin magana mai harshen damo, shi ya sa kacici-kacici ke kama su a wannan lokaci. Amma gane cewa mai ba da labari yana yabon kansa alhali marubuci na nuna wautarsa, wannan yakan zo daga baya, kuma ba lokaci ɗaya yake zo wa kowa ba. Yaron da bai kai nan ba zai ɗauki maganar tauraron littafi a matsayin gaskiya tsantsa.

Sai harshe. Yawancin littattafan wannan fanni da Turanci ko Faransanci suke, kuma ga ɗan Bahaushe harshe na biyu ne ko na uku. Shekarun da aka rubuta a bayan bango an auna su ne da yaron da ya tashi da harshen a bakinsa, don haka littafin da aka ce na ɗan shekara takwas ne yana iya zama daidai da ɗan shekara goma sha ɗaya a Gusau ko Maraɗi, kuma babu abin kunya a ciki. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A buɗe shafi daga tsakiya, yaro ya karanta da ƙarfi, ya lanƙwasa yatsa ɗaya duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu. A littafin barkwanci ma ya kamata a tsaurara, a tsaya a uku, domin raha ita ce abu na farko da ke mutuwa idan karatu ya yi nawa. Yaron da ya tsaya sau biyu a jimla yana haɗa baƙaƙe, kafin ya kai ƙarshenta ya manta farkonta, abin dariyar ya wuce shi.

Littattafan da irin dariyarsu

Wanda ya fi shahara a zamanin nan shi ne Diary of a Wimpy Kid na Jeff Kinney, wanda aka fara bugawa a Amurka a 2007, yana kuma da fassarar Faransanci mai suna Journal d'un dégonflé. An tsara shi kamar kundin da wani yaro, Greg Heffley, ke rubutawa da hannunsa, kusan kowane shafi da zane. Wannan tsari ne sirrinsa: yaron da ke tsoron shafi mai cunkoson rubutu yakan ga ya cinye shafi talatin bai ankara ba. Sai dai mai ba da shawara ya san halin Greg. Mai son kansa ne, malalaci, kullum yana ganin ya fi abokinsa Rowley wayo. A littafi na farko an ba su aikin raka 'yan rabin aji gida. Wata rana Greg, sanye da rigar sanyin Rowley, ya ɗauki tana a tsinke ya dinga korar yaran da ita. Wata maƙwabciya ta hango rigar, ta kai ƙarar Rowley, aka hukunta shi, Greg kuwa ya ja bakinsa ya yi shiru. Abotar ta tsinke a kan haka, ba ta gyaru ba sai a ƙarshen littafin, inda Greg ya ɗauki wani abin kunya a kansa don ya rufa wa Rowley asiri a gaban 'yan makaranta. Yaron da ya gane gatse zai yi wa Greg dariya yana ganin laifinsa. Wanda bai gane ba zai iya ɗaukar Greg gwarzo. Tambaya ɗaya bayan wannan babi, “Kai da kai ne Rowley, ya za ka yi?”, ta isa nuna a wane ɓangare yaron yake.

Masu bin wannan salo suna da yawa. Big Nate na Lincoln Peirce ya fara a matsayin zanen jarida a 1991, littattafan labarinsa suka biyo baya daga 2010. Nate ɗan aji shida ne mai cika baki, kullum cikin horo yake. Dork Diaries na Rachel Renée Russell, daga 2009, kundin wata yarinya ce, Nikki, da ƙawayenta Chloe da Zoey, sai dai batun son wani yaro da gasar kwalliya sun yi yawa a ciki, abin da ya kamata iyaye su sani tun kafin a saya. Tom Gates na Liz Pichon, wanda na farkonsa ya fito a Ingila a 2011 ya kuma ci kyautar Roald Dahl ta shekarar, ya fi su taushin hali. Tom mai zane-zane ne a gefen littafin aji, rigimarsa ba ta wuce ta yayarsa Delia da abokin zamansa Marcus. Marubuciyar ta yi fama da matsalar haɗa baƙaƙe tun tana ƙarama, kuma shafukanta, masu manyan haruffa da fili da yawa, suna yi wa yara masu irin wannan matsala sauƙi.

Ga mai son abin da hankali ba zai ɗauka ba, akwai Sideways Stories from Wayside School na Louis Sachar, na 1978. Makaranta ce da aka so a gina azuzuwa talatin a jere, magini ya yi kuskure ya ɗora su ɗaya bisa ɗaya, bene mai hawa talatin, kuma babu hawa na goma sha tara. Malamar farko tana mayar da ɗalibai tuffa in sun ɓata mata rai. Babi talatin ne gajeru, kusan kowanne a kan mutum ɗaya, shi ya sa ya fi kowanne dacewa da karantawa a aji cikin minti goma kafin tashi. Frindle na Andrew Clements, na 1996, na masu son dabara ne: wani ɗan aji biyar, Nick, ya raɗa wa biro sabon suna, abokansa suka ɗauka, malamarsu mai kishin ƙamus ta ce ba ta yarda ba. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne ba a mayar da malamar abin ba'a ba. A ƙarshe mai karatu yakan gane ta fi kowa sanin abin da take yi.

Ga yaran da ke karatu da Faransanci, a Nijar ko Kamaru ko Cadi, babu kamar Le Petit Nicolas, wanda René Goscinny ya rubuta, Jean-Jacques Sempé ya zana. Ya fara fitowa a jarida a 1959, littafin farko a 1960, kuma an fassara shi zuwa Turanci da sunan Nicholas. Kowane yaro a ajin Nicolas da tambarinsa: Alceste ba ya rabo da ci, Clotaire shi ne na ƙarshe a jarrabawa, Eudes mai naushin hanci ne, Geoffroy ɗan mai kuɗi, Agnan kuma ɗan lelen malama wanda ba a iya dukansa saboda yana sa tabarau. Labarin farko na ranar ɗaukar hoton aji ne. Mai hoto na ƙoƙarin jera su sahu uku, Geoffroy ya zo cikin shigar mutanen wata duniya, ana faɗa kan akwatunan da za a taka, wannan ya ɓata rigarsa, wancan na kuka, har lokacin da aka samu kowa ya natsu aka waiga babu mai hoton, ya tattara kayansa ya tafi. Nicolas na ba da labarin ne da zuciya ɗaya, bai san abin da ya sa manya ke fusata ba, kuma daga nan dariyar ke fitowa. Duk wanda ya zauna a aji mai cunkoso zai gane kowane ɗayansu, zai ma iya kiran sunan takwaransa a ajinsu. Akwai babin da Nicolas da Alceste suka gwada shan sigari suka kwana da ciwon ciki, da wanda suka yi fashin makaranta suka rasa abin yi. A duka biyun wautar ce ke hukunta su.

Littattafan da aka kafa a Afirka suna da wata riba ta daban, domin yaro ba ya buƙatar a yi masa bayanin dusar ƙanƙara ko bikin Halloween kafin ya yi dariya. Akissi na Marguerite Abouet da mai zane Mathieu Sapin, daga 2010, gajerun labarai ne cikin zane a kan wata yarinya mai ƙiriniya a Abijan, da yayanta Fofana da birinta Boubou. A wani labari, don ta tsere wa zafin kitso, da gangan ta nemo kwarkwata a kan wata ƙawarta. Akwai shi da Faransanci da Turanci. Daga Yuganda akwai jerin Moses na Barbara Kimenye, littattafai fiye da goma da suka fara fitowa a ƙarshen shekarun 1960, a kan wani yaro da aka kora daga makarantu da dama har ya faɗa makarantar kwana ta Mukibi, mai babban suna da rubabbun ɗakuna, inda ya haɗu da amininsa King Kong. Yunwar makarantar kwana, satar fita da dare, dabarun neman na kashewa, duk suna ciki. Moses ya ɗan girmi masu karatun wannan rukuni kuma rashin jinsa ya fi nauyi, don haka ya fi dacewa da 'yan sha ɗaya da sha biyu. Daga Nijeriya akwai Jummy at the River School na Sabine Adeyinka, na 2022, labarin makarantar kwana ta 'yan mata, inda Jummy ta samu gurbi, aminiyarta Caro kuwa ta iso makarantar a matsayin 'yar aiki. Rahar da ke ciki ba ta hana shi taɓa bambancin mai hali da marar hali ba.

Planet Omar na Zanib Mian, wanda na farkonsa ya fito a 2019, ya cancanci a ware shi. Omar yaro ne Musulmi a Ingila da ya koma sabuwar makaranta, ya yi aboki mai suna Charlie, ya kuma gamu da mai cin zali, Daniel, har ranar da shi da Daniel suka ɓace tare a Landan lokacin wata ziyarar makaranta. Salla, azumi da hidimar Idi suna cikin labarin a matsayin rayuwar yau da kullum, ba a matsayin wa'azi ba. Ga iyayen da ke ɗari-ɗari da littattafan Turawa, nan ne wurin farawa.

Tsofaffin littattafan Enid Blyton, irin su Malory Towers guda shida da suka fito tsakanin 1946 da 1951, har yanzu suna jan 'yan mata da labarin cin abincin tsakar dare da tsokanar malamar Faransanci, sai dai akwai raina baƙi da masu ƙiba a cikinsu, irin na zamaninsu. Matilda na Roald Dahl, na 1988, yana da muguwar hedimasta da malama mai tausayi, amma iyayen yarinyar ma abin ba'a ne a ciki, kuma ba kowane gida ne zai ji daɗin haka ba.

Karantawa kafin miƙawa

Ba a ba yaro littafin da ba a buɗe ba. Yawancin waɗannan ba sa cin babba fiye da awa biyu, kuma ko babi uku, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, sun isa nuna halin littafi. Abin da ake dubawa na farko shi ne a kan wa dariyar take sauka. Idan a kan mai girman kai take, ko mai dabarar da ta juye masa, ko babban da ya yi zalunci, to raha ce mai lafiya, irin wadda Gizo ya saba sha a tatsuniya. Idan kuwa a kan mai in'ina take, ko gurgu, ko talakan aji, kuma labarin bai taɓa komawa ya nuna zafin abin ba, wannan ƙeta ce aka yi wa ado, gobe kuma za a ji ta a filin wasa da sunan wani yaro na gaske. Bahaushe ya san wannan iyaka tun daga wasan taubasai da na jika da kaka: ana zolaya, amma kowa na da damar ramawa, kuma ba a tashi da gaba.

Na biyu, a duba abotar. Littafi mai kyau yakan bar abokai su ɓata, ɗaya ya ci amanar ɗaya ko ya yi sabon aboki ya yar da tsoho, sannan ya nuna yadda aka shirya da abin da shirin ya ci. Wanda abokansa ba sa taɓa saɓani ba ya koya wa yaro komai game da abin da ke damunsa.

Na uku shi ne abin da gida zai ɗauka. Wasu littattafan suna da raha ta bayan gida da tusa da kamfai, kamar Captain Underpants na Dav Pilkey, na 1997, wanda ko a Amurka ya zo kan gaba a jerin littattafan da aka fi kai ƙorafinsu a laburare a 2012 da 2013. Wasu suna da rawar makaranta ta maza da mata, wasu kuma yara na mayar wa iyaye magana. Malami ya faɗa wa iyaye abin da ke ciki a fili, da misali, ya bar musu zaɓi. Tsoron da iyaye ke yi cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai ba tsoron banza ba ne, kuma amsarsa ita ce a nuna musu yadda labarin ke ƙarewa da mai rashin jin. A mafi yawan waɗannan littattafai shi ne ke kwana ciki. Abin da bai dace ba shi ne a hana yaro duk wani littafi mai ƙiriniya a ba shi mai nasiha zalla. Zai karɓa da ladabi, ba zai wuce shafi na biyar ba.

Abin da ke akwai da Hausa

A nan akwai giɓi na gaske. Littattafan Hausa da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1980 yawancinsu na soyayya da zaman aure ne, don manya aka rubuta su, kuma kuskure ne a miƙa su ga 'yar aji biyar don kawai da Hausa suke. Barkwancin da ya dace da wannan shekaru yana cikin tsofaffin ayyuka. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, cike yake da labaran wawaye da masu wayo, irin su Kalala da Kalalatu ko Sahoro da Sahorama, waɗanda har yau suke kwantar da aji da dariya in an samu mai karatu da murya. Ruwan Bagaja, na 1934, ramuwar gayya ce tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe daga gari zuwa gari, abokan gaba da ba sa iya rabuwa, sai dai wasu daga cikin muguntar tasu suna da nauyi, gara babba ya zaɓi babin da zai karanta. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya dace da ƙananan cikinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke labarin aji da monita da kuɗin tara, amma su ne ke nuna wa yaro cewa rubutu na iya sa mutum dariya, da harshen da ba sai ya tsaya fassara ba. Yaron da Turancinsa bai nuna ba a fara masa da su.

Hanyar cike giɓin tana hannun malami. Bayan an karanta babi na Turanci ko Faransanci, a sa yaro ɗaya ya maimaita wa sauran da Hausa, da bakinsa, yana sauya sunaye da wurare yadda ya ga dama. Nan take ake gane ko ya kama abin dariyar. Daga nan aji na iya buɗe nasa kundin: littafin rubutu ɗaya, kowane mako mutum biyu su rubuta abin dariyar da ya faru, wani ya yi zane. Sharaɗi ɗaya ne, ba a sa sunan kowa na gaskiya, kuma wanda abin ya faru da shi sai ya yarda kafin a rubuta.

Yadda ake miƙawa

Yabon littafi da cewa yana da amfani ko zai gyara Turanci yana kashe sha'awarsa tun kafin a buɗe. Abin da ke aiki shi ne ɗanɗano, kamar yadda mai tsire ke yanko 'yar tsoka ya miƙa kafin a yi ciniki. A zaɓi wuri mai daɗi, shafi biyu ko uku, a karanta da murya, ana sauya ta ga kowane mai magana, a tsaya daidai inda rigima ta ɗauko zafi, a rufe littafin a ajiye a kan tebur. Wanda ya miƙo hannu shi ne mai shi. In yaro ɗaya ne a gida, a ajiye masa biyu ko uku ya zaɓa, domin littafin da ya ɗauka da hannunsa ya fi wanda aka ɗora masa shiga rai.

Ba a bin karatun nishaɗi da jarrabawa. Da zarar an ce a rubuto darussa biyar da aka koya, littafin ya koma jinga. Hira ta wadatar: wa ya fi ba shi haushi, wane ne a ajinsu ya yi kama da wane. Haka kuma yaro na da damar ajiye littafin da bai karɓe shi ba. Marubucin Faransa Daniel Pennac, wanda ya daɗe yana koyarwa, ya lissafa haƙƙoƙin mai karatu a littafinsa Comme un roman na 1992, daga ciki har da tsallake shafuka, da ƙin gamawa, da maimaita wanda aka riga aka karanta. In an kai shafi talatin fuskar yaro ba ta motsa ba, a karɓa ba tare da faɗa ba, a gwada wani mai irin dariya daban.

Tun da abota ce jigon, karatun ma ya fi armashi da aboki. Kwafi ɗaya tsakanin aminai biyu, wannan ya kwana da shi yau, wancan gobe, yakan haifar da gasar wa ya riga kai wa wuri kaza. Shawarar da yaro ya ba ɗan'uwansa kuma ta fi ta malami tasiri nesa ba kusa ba, don haka a bar wanda ya gama ya tsaya gaban aji minti biyu ya faɗi inda ya fi ba shi dariya, ban da ƙarshen labari.

Wajen saye, na gwanjo ya wadatar in shafukansa sun cika. A duba farko da ƙarshe da tsakiya, domin littafin da ya rasa shafi goma na ƙarshe ɓacin rai ne. Bugun jabu ana gane shi da dusashen zane da gam mai saurin sakewa, kuma a littafin da rabin dariyarsa ke cikin zane wannan asara ce babba. A yi wa bango riga da leda ko takarda mai kauri, a buɗe ɗan littafin aro mai sunan yaro da ranar karɓa da ranar mayarwa, mako biyu ga kowane aro.

Yaron da ya kama jeri ɗaya yakan so ya bi shi har ƙarshe, wani ma ya maimaita littafi guda sau da yawa. A ƙyale shi. Saurin karatu a nan yake samuwa. Sai an ga ya fara cinye littafi a zama ɗaya yana neman wani, sannan a matsa da shi gaba kaɗan, zuwa inda raha ke tafiya tare da abu mai nauyi. New Kid na Jerry Craft, na 2019, labarin zane ne a kan Jordan, baƙar fata ɗan shekara 12 da aka kai makarantar masu kuɗi inda irinsa ba su da yawa. Shi ne littafin zane na farko da ya ci lambar Newbery, a 2020. Swami and Friends na R. K. Narayan, na 1935, yana bin wani ɗan shekara goma a Indiya da abokansa Rajam da Mani, Turancinsa ya fi tsauri, ƙarshensa kuma rabuwa ce. Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, gajere ne mai sauƙin harshe, a kan yaron da ya zo Anaca karatu yana neman kuɗin jirgin da zai haye da shi kogin Kwara, abokansa na ba shi shawarwarin da ba duka ne na kirki ba. Wanda ya fito daga Tom Gates ko Akissi a fara masa da Chike ko New Kid, Swami kuwa a ajiye shi sai ya shiga aji biyu na ƙaramar sakandare.